Jujinmu Ya Koma Cikin Durom

Hausawa na cewa babba juji ne. Da muna yara mun ɗauka zagi ne, sai da muka girma muka gane yabo ne: juji na karɓar duk abin da aka zuba masa, ya rufe, bayan wata da watanni ya mayar da shi taki. Iyayenmu da suka taso daga ƙasar Kano suka zauna nan Keffi sun sha ba mu labarin yadda manoman karkara ke shiga birni da jakuna da mangala in rani ya yi, su kwashi juji su kai gona.

Yau fa? Je ka dubi bolar bakin layinmu. Ledar fiya wata, robobi, fasassun kwalabe, batir. Manomin da ya kai wannan gonarsa ya jawo wa kansa aiki. In damina ta kankama kuwa, ruwa ya kwashe ta ya toshe mana kwata, saura ya gangara da ita Kogin Antau. Ga takin zamani, tun 2022 da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke farashinsa ya yi sama, cire tallafin man fetur a 2023 kuma ya ƙara kuɗin dako. Mu masu ɗan lambu a bayan gida, ko mudu guda sai mun yi shawara.

Wannan ya sa bara muka ce bari mu yi namu jujin a cikin gida, inda leda ba za ta shiga ba. Muka samo tsohon durom na roba mai murfi, muka gasa ƙusa a wuta muka huhhuda jikinsa da gindinsa don iska ta shiga, ruwa ya tsiyaye. Muka ɗora shi kan bulo uku a inuwar mangwaro. A madafa kuma muka ajiye bokiti biyu, ɗaya na leda, ɗaya na abin da zai ruɓe.

Farkon ba daɗi. Ɓawon doya, ɓawon ayaba, ragowar miya, har da kan kifi, komai muka dinga antayawa. Kafin sati biyu wari ya tashi, ƙudaje suka yi mana sallama. Ran nan da yamma dattijuwar da muke katanga ɗaya da ita ta leƙo.

"'Ya'yan nan, mushe kuka binne ne?"

"A'a Hajiya, taki muke haɗawa. A yi haƙuri."

"To ku ba shi busasshe mana. Kun taɓa ganin jujin da babu kara da toka?"

Kunya ta kama mu, don haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne. Muka juye durom ɗin muka sake sabon lale. Ga yadda muke yi yanzu. A ƙasa muna shimfiɗa karan masara da aka daddatsa. Duk kwano ɗaya na ɗanyen abu, irin ɓawon rogo, lemo da tsinken alayyafo, muna rufe shi da kwano biyu na busasshen ganye ko garin katako daga wajen kafinta. Mu watsa kashin awaki ko na kaji, mu barbaɗa toka 'yar kaɗan. Nama, kifi, ƙashi da mai ba sa shiga, su ke kawo wari da ɓeraye. Laimarsa ta zama kamar tsumman da aka matse: in ka damƙa ruwa ya ɗigo, ya jiƙe da yawa, in ya wargaje a hannu, yana jin ƙishi. Da damina muna rufewa, da hunturu muna yayyafa ruwa. Kowace Asabar yara na juya shi da sanda, don ƙananan halittun da ke cinye sharar sai da iska suke aiki. In ka ji ɗumi a tsakiyarsa, to aiki na tafiya. Tsutsar da ta fito kuwa rabon kaji ce.

Bayan kamar wata uku muka buɗe, sai ga baƙar ƙasa mai laushi, tana ƙamshi irin na ruwan fari. Muka zuba wa tumatir, kuɓewa da yakuwa. Ba za mu ce durom ɗaya zai ciyar da gonar masara ba, amma lambun gida ya wadatu, sharar da muke fitarwa kuma ta ragu sosai.

Kwandon farko na tumatir gidan Hajiya muka kai. Ta juya guda a hannu ta ce, "Allah ya yi albarka. Gobe ku turo yaro ya huda min nawa durom ɗin."