RUMFAR KIHI TA BAKIN TABKIN TABALAK: INA MAZAUNIN KARE?

Wanda ya hito Tawa da sahe ya kama hanyar Agadas, in ya yi tahiyar kilomita wajen 50, sai shi ga ruwa ya shimhiɗe tsakanin tuddai. Wanga shi ne tabkin Tabalak, cikin yankin Abalak. Hanyar da ke bi ta nan ita ce wadda anka yi ma kwalta wajen shekara ta 1980 don jigilar yuraniyom daga Arlit. A shekara ta 2005 an sa tabkin cikin jerin ruwayen da duniya ta yi alkawalin tsarewa, saboda tsuntsayen da ke sabka gare shi lokacin ɗari da kuma jama'ar da ke cin abinci da shi. Masunta suna kama karfasa da tarwaɗa. Masu garka suna noman albasa da sauran kayan miya a inda ruwa ya janye. Makiyaya kuwa nan suke shayar da dabbobinsu in sun komo daga arewa.

Matahiya da yawa suna tsayawa cikin gari su sayi soyayyen kihi ta tagar mota su wuce. Amma wanda ya san wuri shina barin kwalta, shi bi wata ƴar hanyar amalanke cikin bagaruwa da aduwa har shi daina jin ƙarar motoci. Can akwai wata rumfar kara. Ba allo, ba suna, ba kujera sai tabarmi da benci guda. Hayaƙi ne ke nuna ma baƙo hanya.

Abincin rumfar

Mai rumfar wata dattijuwa ce, mijinta ya rasu, da wagga sana'a take ciyar da jikokinta. Tun da asuba take karɓar kihi hannun masunta. Ta kankare, ta wanke, ta shafa gishiri da tafarnuwa, ta jefa cikin man gyaɗa mai zahi. In ta kwashe sai ta barbaɗa yaji, ta yanka ɗanyar albasa bisa. Wanda ke son abu mai nauyi akwai tuwon hatsi da miyar kuka, ko shinkafa da romon kan tarwaɗa. Mai tahiya cikin rana shina samun hura da nono cikin ƙwarya. In an gama, wani yaro shi hura gawayi shi ɗora shayi, a sha na fari da na biyu da na uku, ana kallon balbela bisa bayan shanu.

Masu zuwa iri uku ne. Akwai direbobin kamiyo da yaransu. Akwai malamai da ƴan kasuwa masu jiran mota. Akwai kuma makiyaya, Abzinawa da Hillani, waɗanda ba su rabuwa da karnukansu. Daga nan magana ta taso.

Karen Azawak

Karen da Abzinawa ke tahe da shi ba irin na bakin mahauta ba ne. Dogo ne siriri, ƙahwahunshi kamar na barewa, cikinshi a ɗame, ana ƙidaya haƙarƙarinshi ko da ya ƙoshi. Tsawonshi daga ƙasa zuwa kafaɗa shina kai santimita 60 zuwa 74, nauyinshi kuwa kilo 15 zuwa 25 ne kaɗai. Da Tamajak ana ce mishi oska. Shina kama zomo da gudu, shina korar dila da kura daga garke, da dare shi ne mai gadin zango. Tun shekarun 1970 Turawa sunka fara kai irinshi Faransa, suna kiranshi da sunan ƙasarshi, Azawak. Ga makiyayi wanga kare ɗan gida ne: abin da anka dafa shi ake ba shi, har da nono.

Wata rana da hantsi wani tsoho mai rawani ya sabko daga raƙumi, karenshi na biye. Ya yi sallama ya zauna bisa tabarma, karen ya kwanta jikin ƙafarshi. Wani direba da ke cin shinkafa ya ɗauke kwanonshi ya tashi.

Ya ce: "Inna, ko dai kare ko mu. Ba ni cin abinci kare na shaƙar kwanona."

Tsohon ya ce: "Ɗana, wanga kwana 9 muna tahe tare. Sau biyu ya tashe ni da dare saboda dila. In ban ci da shi ba, da wa za ni ci?"

Yaron direban ya sa baki ya ce shi ma ai karen mota ake ce mishi, ga shi kuwa bisa tabarma ba wanda ya kore shi. Anka yi dariya, amma direban bai koma ya zauna ba.

Dattijuwar ta rasa ta cewa. In ta kori makiyaya ta yi hasara, don su ke kawo mata nono da man shanu, su ne kuma masu zuwa ko da damina, lokacin da motoci ke ƙaranci. In ta bar karnuka bisa tabarmi, direbobi za su gaya ma juna a tasha, rumfar ta mutu.

Abin da malam ya ce

Akwai wani malami zaune gehe da buta. Dattijuwar ta juya ta ce: "Allah gafarta malam, raba mu."

Malamin ya ce a mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar nan, kare mai rai ba najasa ba ne. Amma in ya sa baki ya sha ruwa cikin kwano, ana zubar da ruwan a wanke kwanon sau 7. Ya ce addini ya yarda a aje kare don kiwo da farauta da tsaron gona. Ya kuma tuna musu da mutumin nan da Allah ya gafarta ma don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Saboda haka korar dabba da ƙishirwa a bakin ruwa ba ibada ba ce, haɗa kwano da ita kuma ba dole ba ne.

Kowa ya ji abin da ya yi mishi daɗi cikin maganar, aka watse ba a yanke komi ba.

Ranar da anka ciji yaro

Abin da ya yanke maganar ya zo daga baya. Warin kihi shina jawo karnukan da ba su da mai su. Dattijuwar ta saba watsa musu kawuna da hanji bayan rumfa, har sunka mayar da wurin gida. Wata la'asar jikanta ɗan shekara 7 ya tahi zubar da ruwan wanke-wanke, wani baƙon kare ya cije shi ga ƙwabri ya shige daji.

Wasu sunka ce a ɗaure da ganye, wasu sunka ce a zuba toka. Direban nan da ya tashi da kwanonshi, shi ne ya hana. Ya ɗauko sabulu da jarkar ruwa daga motarshi, ya yi ta wanke ciwon ba ƙyaƙƙyabtawa, sa'an nan ya sa yaron da kakarshi gaban mota ya juya Tawa, gidan likita. Tun da ba a kama karen ba balle a tsare shi kwana 10 a ga ko lahiyarshi lau, sai anka yi ma yaron allurai duka har ƙarshe. Yaron ya warke. Amma kuɗin allura da na mota da kwanakin da rumfa ta yi a ruhe sun cinye akuya 2.

Direban ya yi daidai. Ciwon haukan kare shina shiga ta yawun kare in ya yi cizo. Shina iya ɓoyewa wata 2 ko 3, wani lokaci sati guda, wani lokaci har shekara. In alamunshi sunka hito, mutum ya fara tsoron ruwa, to magani ya ƙare. Hukumar lahiya ta duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59.000 ke mutuwa da shi kowace shekara, mahi yawa a Afirka da Asiya, kuma cikin 10 wajen 4 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Allurar da ke tare shi kuwa tun 1885 Luwi Pastor ya fara yin ta a Faransa. Abin da ake so shi ne a wanke ciwon da ruwa da sabulu minti 15, a tahi likita ranar nan.

Likitan dabbobi ya ƙara ma dattijuwar wani gargaɗi. In ta yanka tunkiya ko akuya ta ga ƙulli mai ruwa cikin hanta ko huhu, kada ta jefa ma kare. Tsutsa ce ke ciki. Tana girma cikin hanjin kare, ƙwanta ya hito cikin kashinshi, ya hau hannu ko ganyen miya, mutum ya haɗiye. Bayan shekaru sai irin wanga ƙulli ya tsiro cikin hantar mutum. Irin wanga nama ƙonewa ake yi, ko a bizne shi da zurhi.

Dokar rumfar

Yanzu wanda ya isa rumfar zai ga turaku 3 ƙarƙashin wata aduwa, taki kamar 30 daga tabarmi, inda mai kare ke iya hangen karenshi shina cin abinci. Akwai tsohuwar tasa mai lamba ja, ta karnuka ce, ba ta haɗuwa da sauran kwanoni. Ana cika ta da ruwa kyauta. Sauran tuwo da dafaffen abinci can ake kai su. Hanjin kihi da sharar yanka ana zuba su cikin rami a ruhe da ƙasa kowane marece. Bakin rumfa kuma akwai buta da sabulu, kowa shi wanke hannu kahin shi taɓa kwano, mai kare da marar kare. Karen da ba shi da mai shi ba a ba shi komi, sannu a hankali sun rage zuwa.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Wasu makiyaya sun ce ɗaure kare ga turke wulaƙanci ne, sun koma cin abinci wani wuri. Tsohon nan mai raƙumi shi ma ya yi wata guda bai leƙo ba. Ranar da ya komo, da hannunshi ya ɗaure karen, ya ɗebi rabin tuwonshi ya kai mishi gindin aduwa, sa'an nan ya wanke hannu ya zauna kusa da direba.

Dattijuwar ta ce: "Baba, ka yi huci ka huce?"

Ya ce: "Uwar gida, inuwar tashi ta hi tamu sanyi."

Ƴan uwa makiyaya da masu sayar da abinci a kan hanya, turke da tsohuwar tasa da rami ba su cin kuɗi. Allurar kare kuwa ta hi ta mutum sauƙi nesa ba kusa ba, kuma masana sun ce in anka yi ma karnuka 7 cikin 10 na gari, ciwon shina yankewa. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da haukan kare a duniya, amma kada ku jira ta. Ku tambayi ma'aikacin kiwo na yankinku inda ake yin allurar, ku kuma karanta ma waɗanda ba su iya karatu ba wanga labari a dandali. Allah shi ba mu lahiya, mu da dabbobinmu.