Ɗakin da Babu Mai Kwana a Ciki

Aikin da aka ba ta bai kai na yini guda ba. Gurbi ɗaya za ta ƙara a rumbun bayanai na manhajar da ƙaramin kamfaninsu ke sayar wa makarantu, wato gurbin lambar waya ta biyu ta waliyyin ɗalibi. Ta rubuta canjin domin PostgreSQL, wanda duk abokan cinikinsu ke amfani da shi, ta gwada, ya yi aiki. Tana shirin rufewa sai ta ci karo da wata jakar fayiloli mai ɗauke da sunan Oracle, ita ma tana jiran nata canjin. A duk kamfanin babu kwamfuta ko ɗaya da aka girka wa Oracle, kuma babu mai iya tuna ranar ƙarshe da aka tayar da wannan ɓangare. Duk da haka, shekara da shekaru, duk wanda ya taɓa tsarin rumbun sai ya rubuta canji biyu: ɗaya ya gwada shi, ɗayan kuma ya bi shi da fatan alheri.

A ranar ta fara tunanin share ɓangaren baki ɗaya. Abin da ya riƙe hannunta shi ne, mutumin da ya rubuta shi shi ne wanda ya koya mata aikin, kuma har yanzu yana nan.

Kafin a fahimci nauyin wannan shawara, ya kamata a san me ɓangaren yake yi. Manhaja ba ta ajiye bayananta da kanta. Tana miƙa su ne ga wata manhajar daban, wato rumbun bayanai, kamar PostgreSQL ko MySQL ko Oracle ko SQL Server na Microsoft. Dukkansu suna jin harshe guda mai suna SQL, wanda aka fara daidaita ƙa'idojinsa a Amurka a 1986. Sai dai kowanne da karin harshensa, kamar yadda Bakano da Basakkwace ke fahimtar juna amma kowa da yadda yake faɗin abu. Mai son layi goma na farko daga cikin bayanai zai ce LIMIT a PostgreSQL da MySQL, ya ce TOP a SQL Server, a tsofaffin fitowar Oracle kuwa sai ya bi ta ROWNUM. Bambancin yakan wuce lafazi ya shiga ma'ana. Oracle yana ɗaukar rubutun da ba kome a cikinsa daidai da gurbin da ba a cike ba sam, alhali PostgreSQL yana bambanta su. Haka kuma ya daɗe ba ya karɓar sunan teburi ko gurbi da ya wuce haruffa 30. Saboda haka manhajar da ke son yin aiki da rumbuna da yawa tana buƙatar tafinta ga kowannensu. Jakar da injiniyar ta tarar, tafinta ce da aka ɗauka domin baƙon da ya daɗe da tafiya.

Mutane da yawa suna zaton rubutun manhaja da ba a amfani da shi ba ya cin kome, tunda ba ya shan wuta, ba ya neman albashi. Gaskiyar ita ce yana ci, sai dai a hankali yake ci, kuma daga aljihun kowa. Kowane canji a tsarin rumbu sai an rubuta shi sau biyu. Kowane sabon ma'aikaci sai ya karanta ɓangaren kafin ya gane cewa bai shafe shi ba. Mafi tsada kuma, manhajar gaba ɗaya takan takura kanta ga abin da dukkan rumbunan suka iya, ta bar wasu dabarun da rumbun da ake amfani da shi ya ƙware a kansu, don kada a ɓata wa wanda ba ya nan. Akwai kuma batun amana. Muddin takardar bayanin manhaja ta ce tana aiki da Oracle, alkawari ne aka ɗauka. Ranar da wani ya gaskata ya girka, zai tarar da ginin da ba a taɓa duba rufinsa ba tun da aka yi shi.

Wannan matsala ba ta ƙananan kamfanoni kaɗai ba ce. MediaWiki, manhajar da Wikipedia ke gudana a kanta, har da Wikipedia ta Hausa, ta daɗe tana ɗauke da tafintoci biyar: na MySQL da 'yar'uwarsa MariaDB, da na PostgreSQL, da SQLite, da Oracle, da SQL Server. Ita kanta Wikipedia MariaDB take amfani da shi. Duk lokacin da aka canza tsarin teburi, sai an rubuta fayil na musamman da hannu domin kowane rumbu, kuma mafi yawan masu aikin ba su da Oracle ko SQL Server da za su gwada a kai, tunda kayan kasuwa ne masu lasisi. A hankali waɗannan biyun suka riƙa zama a baya. A fitowa ta 1.34, wadda ta zo a Disamban 2019, aka cire su. Abin lura shi ne abin da ya biyo baya: daga fitowa ta 1.35 aka fara rubuta tsarin teburan sau ɗaya a fayil guda, na'ura ta fitar da na kowane rumbu daga cikin ukun da suka rage. Rage kaya ne ya ba da sararin gyaran gida.

Akwai kuma darasin da ya fi wannan ɗaci, ko da yake ba a kan rumbun bayanai ya faru ba. Kamfanin hada-hadar hannayen jari na Knight Capital a Amurka ya bar wani tsohon ɓangare mai suna Power Peg a cikin manhajarsa shekaru bayan an daina amfani da shi. A 2012 aka sake amfani da alamar da a da take tayar da shi domin wani sabon aiki, aka girka sabuwar manhajar a manyan kwamfutoci bakwai daga cikin takwas, aka manta da ɗaya. Da safiyar 1 ga Agusta, alamar ta isa ta takwas ɗin, tsohon ɓangaren ya farka. Cikin kimanin minti 45 kamfanin ya yi asarar fiye da dala miliyan 400. Abin da aka ɗauka ya mutu, ashe barci yake yi.

Duk da haka, sharewa ba ƙaramin abu ba ne, kuma injiniyar ta san cewa kalmar "ba a amfani da shi" da'awa ce mai neman hujja. Rashin jin ƙorafi ba ya nufin babu mai amfani. Wani lokaci mai amfanin yana can wani lungu, abin yana yi masa aiki, bai ga dalilin yin magana ba. Ko ƙididdigar da manhaja ke aikowa da kanta, waɗanda suka yarda a ƙirga su kawai take ƙirgawa. Shi ya sa kamfanin GitLab, lokacin da ya ƙudurta barin MySQL, bai yi gaggawa ba. Ya sanar tun 2017, ya bayyana dalilansa, ciki har da wahalar gudanar da gwaji sau biyu da kuma wasu ayyukan da ke tafiya a PostgreSQL kaɗai, ya tanadi bayanin yadda za a kwashe bayanai zuwa sabon rumbu, sannan ya cire shi a fitowa ta 12.1 a Yulin 2019. A can akwai masu amfani na gaske, ko da yake 'yan kaɗan ne, kuma an ba su shekara biyu su shirya. Wa'adin nan shi ne bambancin gyara da wulaƙanci.

Ita ma ta bi hanyar a ƙaramin ma'auni. Ta duba tarihin canje-canje, ta ga cewa an daɗe ba a yi wa ɓangaren wani gyara na kansa ba, sai kwaikwayon abin da aka yi wa PostgreSQL. Ta tambayi masu hulɗa da makarantu, suka bi jerin abokan ciniki ɗaya bayan ɗaya, ba a sami kowa ba. Ta samo Oracle na gwaji ta girka, ta tayar da manhajar a kansa. Ba ta ko kai shafin shiga ba ta tsaya, saboda wani gurbi da aka ƙara tun da daɗewa an rubuta canjinsa da kuskure, kuma babu wanda ya lura. Wannan ya warware mata rabin damuwar. Da akwai mai dogaro da ɓangaren, da tuni an ji kukansa.

Ragowar rabin kuwa ba na fasaha ba ne. Malamin nata ya rubuta wannan tafinta ne a lokacin da kamfanin bai tsaya da ƙafafunsa ba, domin wata babbar cibiya da ta ce ba za ta sayi manhajar ba sai tana aiki da Oracle. Ya yi watanni yana kwana a kai. Cinikin ya ɗore na ɗan lokaci, kuɗinsa ya biya albashi a shekarar da babu wani kuɗin, daga baya cibiyar ta koma wani wuri. A wurin matasan ma'aikata jakar nan tarkace ce. A wurinsa kuwa, ita ce shaidar lokacin da ya riƙe gidan kada ya rushe. Mai shara yana iya zama da gaskiya a kan rubutun, ya yi kuskure a kan mutumin.

Don haka ba ta aika buƙatar sharewa ta na'ura ya gani da safe ba. Ta same shi bayan la'asar, ta gaishe shi, ta ajiye masa abin da ta gano.

"Malam, na gwada ɓangaren nan na Oracle, bai tashi ba. Na kuma bincika, babu makarantar da ke kansa. Ina ganin lokacin sauke shi ya yi, amma ban so in taɓa ba sai na ji daga gare ka."

Ya daɗe yana kallon allon kwamfutar, yana gangarawa cikin layukan da ya rubuta da hannunsa. Can ya ce, "Kin tabbata babu kowa?" Ta nuna masa jerin. Ya gyaɗa kai. "To, a sanar tukuna. Fitowa ɗaya a sa gargaɗi, ta gaba a cire. Kuma ki sa alama a Git a daidai wurin da yake na ƙarshe, don wanda ya buƙace shi wata rana ya san inda zai tono."

Shawararsa ta ƙarshe tana tuna da abin da masu tsoron shara kan manta. A manhajar da ake adana tarihinta da Git, abin da aka share bai ɓace ba. Yana nan a tarihi, da sunan marubucinsa da ranar da ya rubuta. Abin da ake cirewa shi ne wajibcin ci gaba da ɗaukarsa, da kuma alkawarin da ba a iya cikawa.

Aikin cirewar kansa ya fi yadda ta zata faɗi. Bayan jakar, sai da ta bi kowane wuri da manhajar ke tambayar wane rumbu ake ciki, ta goge reshen da ba za a ƙara bi ba. Ta cire zaɓin daga fayil ɗin saiti, ta sa saƙo bayyananne ga duk wanda ya sake zaɓarsa, maimakon manhajar ta faɗi ba bayani. Ta gyara takardar girkawa. Ta bar gajerun sunayen teburan nan da aka datse domin su shiga haruffa 30, tunda canza su zai taɓa bayanan makarantu na gaske, kuma wannan aiki ne na wata rana. A bayanin canjin ta rubuta dalilin da ya sa aka gina ɓangaren tun farko, da abin da ya yi wa kamfanin, kafin ta rubuta dalilin cire shi.

Da fitowar ta zo, shi ne ya duba canjin ya amince da shi. Mako na gaba aka nemi a ƙara wani gurbi a teburin ɗalibai. Ta rubuta shi sau ɗaya, ta gwada, ta tashi ta tafi gida kafin magariba.