Ranar da Baba ya sake ganin kirinjijiya



Mahaifina mutumin Haɗeja ne, amma ya fi shekara 30 yana sayar da goro a Sabo, Ibadan. Ni a nan aka haife ni. Hirarsa ta dare ba ta wuce fadamun Haɗeja da Nguru da tsuntsayen ruwan da ya taso yana gani. Yanzu girma ya kama shi, hannu yana rawa, doguwar tafiya a mota ta gagara.

Akwai wani malami Bayerabe, abokin cinikinmu, mai sha'awar kallon tsuntsaye. Da ya ji labarin nan, sai ya ɗauke mu wata Asabar da sassafe zuwa bakin tafkin IITA, cibiyar binciken noman nan da aka kafa a 1967.

Ya sauko da madubin hangen nesa iri biyu: ƙarami mai ido biyu a wuyansa, da wani dogo mai ido ɗaya da ake kafawa kan ƙafa uku. Ni ɗan kasuwa, sai na ce, "Malam, wannan ba asarar kuɗi ba ce? Ai aikinsu ɗaya."

Ya yi dariya, ya nuna mini rubutun jikin ƙaramin: 8x42. Wato yana kusanto da abu sau 8, faɗin gilashinsa milimita 42. Yana nuna fili mai faɗi, shi ya sa da shi ake neman tsuntsu, a bi shi ko yana tashi. Amma in ƙarfin madubi ya wuce 10 ko 12, rawar hannu ma ƙaruwa take yi, hoton ya yi ta tsalle. Dogon kuwa yana kaiwa daga 20 zuwa 60, filinsa ƙanƙane ne, kuma dole sai an kafa shi. Amfaninsa, ka ga tsuntsun da ke tsallaken ruwa ba tare da ka matsa ka kore shi ba. Ya ce in rana ta take, hucin zafi yakan dagula hoton, shi ya sa muka yi sammako.

Aka miƙa wa Baba ƙaramin. Ya ɗaga, ya juya, ya sauke. "Ba na ganin komai sai girgiza," in ji shi. Wallahi raina ya ɓaci, na ɗauka mun wahalar da tsoho a banza.

Sai malamin ya nemo wani garke da ƙaramin, ya saita dogon a kansu, ya rage tsayin ƙafafun. "Alhaji, kada ka taɓa, sa ido kawai."

Baba ya sunkuya. Ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce, "Kirinjijiya ce. Ga farar fuskar nan. Ashe har nan suna zuwa?" Ya kira ni, "Zo ka ga abin da nake ba ka labari."

A ranar na fara ganin ta da idona. Wanda yake da tsoho a gida, ya daure ya tambaye shi abin da yake kewa, wataƙila yana nan kusa.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, amin.