Abin da Na Zazzage Daga Aljihun Likita

Yau ina so in ba ku labarin wata farar riga da na wanke a hunturun bara, da kayan da na zazzage daga aljihunta, da kuma kunyar da na sha kwana tara bayan wannan.

Ina da wata taubashiya, 'yar kawuna, wadda muka tashi tare a hannun kakarmu. Ni na shiga kwalejin horon malamai, na fito, ga ni ina koyar da 'yan aji uku a makarantar firamare. Ita kuwa ta tafi jami'a karatun likita, wanda a ke yin shekara shida, sa'an nan a ƙara shekara guda ta koyon aiki a ƙarƙashin manyan likitoci. Bara tana cikin shekara ta biyar aka tura su wani asibiti kusa da unguwarmu na wata biyu, sai maigidana ya ce ta sauka wurinmu. Kun dai san tsakanin taubasai. Ni in ce mata "Likitar gobe", ita ta ce mini "Malama mai alli".

Ran wata Asabar da safe ta komo daga kwanan asibiti, ta jefa rigar a kan kujera, ko takalmi ba ta tuɓe ba barci ya kwashe ta. Tausayinta ya kama ni, na ɗauki rigar don in haɗa da wankina. Ina ɗagawa sai na ji ta da nauyi kamar an ɗura mata tsakuwa. Na jawo faifai, na zazzage aljihunan nan uku a kai. Kai, jama'a! Sai ka ce ɗan koli ya baje kaya ran kasuwa. Ga biro uku, ga takarda an ninke ta gida huɗu, ga tocila 'yar siririya kamar yatsa, ga abin sauraron ƙirji da su kan rataya a wuya, ga tef irin na tela, ga wani ɗan zirin awo mai launi uku. Har ila yau ga 'yar kwalbar ruwan goge hannu, da safar hannu, da filasta, da wayarta, da dabino biyar, da ƙullin gyaɗa, da alewa. Can ƙarƙashi kuma ga wani tsohon agogo marar maɗauri, gilashinsa ya tsage.

Da ta farka na ce, "Likitar gobe, nawa za ki ɗinka mini riga? Ashe tela kika koma ba mu sani ba!" Ta yi dariya, ta zauna da kokonta a hannu, ta shiga ɗaukar kayan ɗaya ɗaya tana faɗa mini amfaninsu.

Ta fara da abin sauraron ƙirji. Ta ce kunya ce ta haife shi. A shekarar 1816, a birnin Paris na ƙasar Faransa, an kawo wa wani likita mai suna Rene Laennec wata budurwa mai ciwon zuciya. A zamanin nan likita kunnensa ya kan ɗora a ƙirjin majinyaci. Shi kuwa ya ji nauyin yin haka ga 'ya mace, sai ya naɗe takarda kamar algaita, ya ɗora baki ɗaya a ƙirjinta, ɗayan a kunnensa. Ashe ma sai ya ji bugun zuciyar ya fi fitowa sarai. Daga baya ya sassaƙa irinsa na itace, har a hankali ya zama wannan na roba da mu ke gani yau.

Tef ɗin tela kuwa na masu ciki ne. A kan auna daga ƙashin mara zuwa inda mahaifa ta tsaya ta sama. Daga wajen mako na 24, yawan santimita ya kan zo kusa da yawan makonnin cikin. In sun yi nisa da juna, to, sai a bincika: ko tagwaye ne, ko jariri ba ya girma sosai, ko kuwa an yi kuskuren lissafi. Ta ce abin da ya fi ba ta wuya shi ne, mata da yawa ba su riƙe ranar da suka fara ganin al'adarsu ta ƙarshe, alhali daga ranar a ke ƙirga kwana 280, watau mako 40, a san lokacin haihuwa.

Zirin nan mai launi uku na gane tamowa ne ga yara 'yan wata shida zuwa shekara biyar. A kan zagaya shi a tsakiyar damtsen yaro. In ya kai santimita 12.5 ko ya wuce, sai ya faɗa kan kore, watau lafiya lau. Tsakanin 11.5 da 12.5 rawaya ne, a gyara abinci, a sa ido. In bai kai 11.5 ba, ja ne, yaron yana bukatar magani ba tare da jinkiri ba.

Tocila ta duba maƙogwaro ce da ƙwayar ido, don baƙin idon mai lafiya ya kan tsuke in haske ya taɓa shi. Ta kan yi rana kuma in wuta ta ɗauke ana tsakiyar neman jijiya. Ruwan goge hannu ma yana da tarihinsa. A 1847 wani likita mai suna Semmelweis, a birnin Biyana na Ostiriya, ya tilasta wa likitoci da ɗalibai su wanke hannu da ruwan magani kafin su taɓa masu haihuwa, nan da nan mutuwar masu jego ta ragu ƙwarai a ɗakin. Dabino da gyaɗa nata ne, don sau da yawa ta kan tsaya tun ƙarfe takwas har azahar ba ta sa kome a baki ba. Alewa ta lallashin yara ce. Biro uku kuwa, ta ce biyu na aro ne, kuma biron asibiti in ya tafi ba ya komowa.

Na kai hannu zan buɗe takardar nan mai ninki huɗu, sai ta yi wuf ta karɓe. Fara'arta ta ɗauke. Ta ce, "Malama, wannan ba a karantawa. Lambar gadon kowane majinyaci ce da abin da za a yi masa yau. Amanar mutane ce." Na ji ta ƙara girma a idona, ko da ya ke ban nuna mata ba.

Saura agogo. Shi na fi yi wa ba'a. Na ce, "Wannan kam ko almajiri aka ba sai ya yi tunani." Ta ce na kawu ne, ya ba ta ranar da za ta tafi jami'a. Ta cire maɗaurin don ba ta son kome a wuyan hannu saboda yawan wanke hannu. Abin da ta ke so a jikinsa shi ne siririn hannun nan mai zagayawa sau ɗaya a minti. Ta ce, "Ki yi ta dariya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido."

To, bayan kwana tara sai maganarta ta tabbata a kaina.

Yaron wajena, ɗan fari, yana da wata goma a lokacin. Ya kwana biyu yana mura da tari, irin na hunturu. Surukata, wadda ta raini 'ya'ya bakwai, ta duba bakinsa ta ce haƙori ne, zai wuce. Ni ma na yarda, na ba shi ragowar wani maganin tari da ya rage tun damina. Ran nan da almuru jikinsa ya yi zafi rau, na ba shi mama ya kama ya saki, ya kama ya saki, daga baya ya ƙi sam. Maigida ya ce mu bari gari ya waye, dare ya yi, ga sanyi.

Bayan sallar lisha taubashiyata ta shigo. Ta durƙusa ta gai da surukata, ta dubi yaron, ba ta ce uffan ba. Ta sa na rungume shi har ya yi shiru, ta ɗaga masa riga, ta ciro agogon nan ta ajiye a kan tabarma, ta zuba wa cikinsa ido tana motsa leɓe. Da hannun agogo ya zagayo ta ce, "58." Ta sake ƙirgawa, ta sami 57. Sa'an nan ta nuna mini ƙasan haƙarƙarinsa, yadda ya ke lotsawa ciki duk sa'ad da ya ja numfashi.

Ta juya wajen surukata, ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ku gafarce ni. Haƙori ya kan sa yaro dalala da ƙyuya, amma ba ya sa numfashi gudu haka. Yaro mai watanninsa in ya kai 50 a minti, huhunsa ne ke wahala. Ku yi mana izini mu kai shi yanzu." Gabana ya faɗi, na ce yau za a yi ta. Amma Inna sai ta ce, "Matso da agogon in gani, 'yar nan." Suka ƙirga tare, ita da yatsunta, yarinya da bakinta. Ba su kai ƙarshen minti ba Inna ta miƙe, ita ta riga kowa ɗaukar mayafi.

A asibiti ne na sha kunyar da na faɗa muku. Likitan da ke aikin dare ya zaro biro da takarda daga aljihunsa, ya shiga tambayata. Yaushe tarin ya fara? Na ce shekaranjiya, ko kuwa kafin nan. Yaushe zazzaɓi ya zo? Na yi shiru. Wane magani aka ba shi, cokali nawa, sau nawa? Na ce wani ne ja a kwalba. Ina katinsa na rigakafi? Yana can ƙasan akwati, ƙarƙashin zannuwan aure. Ni da na ke kiran sunan yara sittin kowace safiya, in rubuta wanda ya zo da wanda bai zo ba, ban rubuta ko kalma ɗaya a kan ɗan cikina ba! Likitan bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Ya saurari ƙirjin yaron, ya ce ciwon haƙarƙari ne, wanda mutanen asibiti ke kira nimoniya. Aka ba mu gado, aka fara yi masa allura a daren nan. Kwana huɗu muka yi. A rana ta uku ya kama mama da ƙarfi har na yi kuka don murna. Yau ga shi nan yana tafiya, yana ɓarnar allina.

Tun daga ran nan na yi wa kaina aljihu irin na likita. Na yanke ragowar takardun wani littafin rubutu, na ɗinke, na ɗaura masa fensir da zare, na haɗa shi da katin rigakafi a cikin leda, na rataye a ƙusa bayan ƙofa. In yaro ya tashi ba lafiya, sai in rubuta rana da lokaci, da sau nawa ya yi amai ko gudawa, da sunan abin da na ba shi. In za mu asibiti in ɗauki kwalbar maganin in tafi da ita. Ko jiƙo ne aka ba yaro, 'yan'uwa, a faɗa wa likita gaskiya, don da abin da muka faɗa masa ya ke aiki.

Ga kuma ƙirgen numfashi, ku kwafe shi a bangon littafinku. A bari yaro ya natsu, ba yana kuka ba, a ɗaga rigarsa, a ƙirga tashin cikinsa minti guda cur. Jaririn da bai kai wata biyu ba, in ya kai 60 ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa wata 11, in ya kai 50. Daga shekara guda zuwa biyar, in ya kai 40. In kuwa ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, ko ya ƙi mama, ko yana aman duk abin da ya sha, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, to, kada a jira asuba. Kusan kowane gida yanzu akwai waya, kowace waya kuwa akwai agogo a cikinta. Amma fa a lura, ƙirgen nan na sanin lokacin tafiya asibiti ne kawai. Ba ya mai da uwa likita, kuma ba izini ba ne na sayen magani a kan tebur.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, ga taku. In aka ɗebe waya da abin sauraron ƙirji, duk kayan da na zazzage a faifan nan ba su kai kuɗin turmin atamfa ba. Na daɗe ina ganin agogo a gidanmu, ban taɓa sanin zai iya faɗa mini ɗana yana cikin hatsari ba, sai da wadda ta yi karatu ta ɗauke shi. Karatun nan kuwa daga irin ajinku ya faro: ƙirge, da awo da santimita, da rubutu mai kyau wanda wani zai iya karantawa. Tun 1938 Elizabeth Abimbola Awoliyi ta gama karatun likita a birnin Dablin, ta komo Nijeriya ta yi aiki, saboda haka hanyar ba sabuwa ba ce ga 'ya mace. Kun kuma san iyayenmu nawa ke ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinsu, don suna jin kunyar namiji ya duba su. Kowace ɗaya daga cikinku da ta sa farar rigar nan, ta sauƙaƙa wa mata masu yawa zuwa asibiti.

Ranar da taubashiyata za ta koma makaranta na sake wanke rigar, na goge ta da kaina. Aljihun hagu ya fara ɓarkewa saboda nauyi, na ɗinke shi da zare riɓi biyu. Na mai da kowane abu inda na same shi, na ƙara mata dabino da biro biyu. Da na zo kan agogon kawu, sai na naɗe shi a cikin sabon hankici kafin in sa. Ta gani ta ce, "Malama mai alli, yau kuma babu ba'a?" Na ce, "Akwai, amma ban da wannan."

Allah ya raya mana zuriya, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.