Daƙiƙa Goman Giannis

Mu masu rubuta manhaja muna da wata cuta: komai muka gani sai mun nemo inda ya lalace. Da wannan idon muka shekara biyu muna kallon Giannis Antetokounmpo, ɗan wasan ƙwallon kwando na Milwaukee Bucks, wanda aka haifa a Girka a 1994, iyayensa ’yan Najeriya ne da suka tashi daga Legas.

A ofishinmu gida biyu muka rabu. Mu huɗu, masu jin cewa lissafi ba ya ƙarya, har ɗan shiri muka rubuta a Python yana tara mana alƙalumansa bayan kowane wasa. Hujjarmu ba ta da wuyar faɗi. Idan ya yi jifa daga nesa, na maki uku, a cikin goma da ƙyar uku ke shiga. Jifan kyauta kuwa, wanda ake ba ɗan wasa idan an yi masa ƙeta, abin tausayi ne. Doka ta ba shi daƙiƙa goma, shi kuma sai ya tsaya yana dunƙule-dunƙule har ’yan kallo su riƙa ƙirga masa da ƙarfi. Toronto ta tona asirinsa a 2019: mutum uku suka riƙa tare masa hanyar kwando kamar katanga, suka ci wasa huɗu a jere. Muka ce gwarzon shekara sau biyu, 2019 da 2020, amma ƙarfi ne da tsawo kawai, ina shi ina gwanintar ƙafar Hakeem Olajuwon?

Ɗaya gidan mutum guda ne, yayanmu a aiki, wanda ya taɓa buga ƙwallon a Zariya. Ba ya duba jadawalinmu. Cewa yake, “Ku yaran nan, kun taɓa tsayawa gaban mai gudu irin wannan? Ku ƙirga min kwallayen da mutane suka fasa jefawa don sun hango shi.” Wannan kam babu gurbinsa a shirinmu, sai muka mai da maganar raha. Muka yi alkawari: duk wanda ya sha kaye zai sayi tsiren ofis.

Daren Babbar Sallar 2021 muka taru a gidansa, ƙarfe biyu na dare, ga soyayyen nama, ga janareto yana kuka. Wasa na shida ne da Phoenix Suns. Duk lokacin da aka yi wa Giannis ƙeta sai mu gyara zama mu fara ƙirga. Ya jefa, ta shiga. Ya sake, ta shiga. Wajen na goma muka daina ƙirgawa. Cikin 19 ya saka 17, ya tashi da maki 50, Milwaukee ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1971. Yayan namu bai ce uffan ba, tasa kawai ya turo mana. Mun sayi tsiren, har da lemo.

Shirin nan dai ba mu goge shi ba. A watan Afrilun 2023, ranar da Miami ta fitar da su a zagayen farko da tazarar maki biyu, Giannis ya samu jifan kyauta 23, ya zubar da 13. Da asuba muka tura wa yayan namu lambobin a WhatsApp. Ya karanta, muka ga alamar shuɗi, sai can da hantsi ya amsa: “Maki 38 da ya ci fa, ku kuka jefa masa?”