Ƙofa ta 25

Bara, gab da kakar riɗi, na ɗauke imel ɗin wata ƙungiyar manoma daga tsohuwar kwamfutar da ke ofishinsu a Birnin Kudu, wadda ke mutuwa duk sa'ad da aka ɗauke wuta, na mayar da shi kan sabar da muka yi haya. Na girka Postfix domin aikawa, Dovecot domin ajiya, sannan na canza rijistar MX, wato alamar da ke nuna wa duniya inda za a kai wasiƙun ƙungiyar. Na gwada daga Dutse, komai ya tafi daidai.

Bayan kwana huɗu wakilinsu na Unguwar Ya ya kira ni. "Malam, saƙo yana shigo mini, amma nawa ba ya fita." Farashin da ya rubuta wa wani mai saye a Kano yana nan maƙale a wayarsa, mai sayen kuwa har ya ƙulla ciniki da wasu.

Kowace sabar tana da ƙofofi masu lamba, kowace da aikinta. Ƙa'idar SMTP da Jon Postel ya rubuta a 1982 ta ƙofa ta 25 take bi, kuma a lokacin ba a tambayar kowa kalmar sirri, domin masu amfani da ita 'yan kaɗan ne, sun san juna. Da masu saƙonnin banza suka mayar da ita hanyarsu, sai a 1998 aka ware ƙofa ta 587 domin mai aikawa daga na'urarsa, aka bar 25 tsakanin sabar da sabar. Tsohuwar kwamfutar ba ta damu da wannan bambanci ba. Sabuwar kuwa ni da kaina na tsaurara ta, kuma har yau ina ganin daidai na yi. Inda na yi sakaci shi ne ban tambayi ta wace ƙofa mutane suke shiga ba. Wayar wakilin a kan 25 wani ya saita masa ita shekaru da suka wuce, ƙofar karɓa ta 993 kuma ba ta canza ba, shi ya sa babu wanda ya farga da wuri.

Gyaran bai kai minti biyu ba: ina karanta masa lambobi, yana dannawa. Cinikin dai bai dawo ba. Da na koma kundin tsohuwar sabar daga baya, sai ga wayarsa a rubuce, kowace safiya, tana shiga ta 25.