Tafiya Ba Sallama

Ni mutumin Damagaram ne, unguwar Birni. Da na gama lakkol, na bi hanyar Matamaye da Daura, na tafi Kano koyar da Faransanci. Wata uku mai makaranta bai ba ni ko naira ɗaya ba. Ran nan da asuba na ɗaure kayana, na shiga mota, ban yi wa kowa sallama ba.

Na iso gida, amma hankalina bai kwanta ba. Yara 40 na bari, saura sati biyu jarrabawa. Ba su suka ci kuɗina ba.

Ɗan'uwa, in aiki ya ƙi, barinsa ba laifi ba ne. Amma ka faɗa tukuna, ka nemi haƙƙinka gaban shaidu. Ta ƙofa ka shiga, ta ƙofa za ka fita.